Kaya Na Taraba, Riba Ta Wani

Duk wanda ya tsaya a bakin gadar Nukkai, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, zai ga manyan motoci suna wucewa dare da rana, sun nufi Kudu ɗauke da hatsi da riɗi da shanu. Ambaliya ta karya wannan gada a shekarar 2005 har aka yi asarar rayuka, aka sake gina ta, kaya kuwa suka ci gaba da bi. Abin tambaya a nan shi ne, a hannun wa ribar kayan take tsayawa?

Jihar Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola a shekarar 1991, Jiha ce mai albarka. Akwai ganyen shayi a Kakara bisa tsaunin Mambila, akwai doya a kasuwar Ɗan Anaca, ga kuma riɗi irin wanda Sin da Japan da Turkiyya suke saye daga Nijeriya. Amma manomi iyakarsa kasuwar ƙauye, falke kuwa iyakarsa Mile 12 a Ikko ko Bodija a Badun. Daga nan sai wani mai takardu ya karɓa, ya tsabtace, ya ɗura a buhu mai tambari, ya ɗora wa jirgin ruwa a Apapa, ya karɓi dala.

Abin da ya sami itacen madobiya, wanda masu cinikinsa suke kira madrid, ya isa ishara. An yi shekaru ana sare shi a dazuzzukan Taraba ana kai gungumensa Sin. Masu gatari sun sami na cefane, dillalan waje suka kwashe romon, har aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya a shekarar 2018 bisa yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da namun daji. Haka nan a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Watau ciniki da ƙasashen waje ilimi ne: sanin ma'auni, da gwajin kaya, da takardun kwastan, da hanyar karɓar kuɗi.

Tun wajen shekarar 2007 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta koyar da darasin kafa sana'a ga kowane ɗalibi. An kuma kafa Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo a shekarar 2008. Manufar tana da kyau, sai dai a wurare da dama darasin bai wuce allo da jarrabawa ba. Yaro zai ci maki mai yawa alhali kuwa bai taɓa sayar da ko mudu guda ba, balle ya rubuta wa mai saye a wata ƙasa wasiƙar tayin farashi.

Waɗansu suna cewa kamfanonin fasahar zamani sha'anin samarin Yaba ne. To, a dubi Paystack. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a shekarar 2015 don magance matsala guda, wato yadda mai sayarwa zai karɓi kuɗinsa ta intanet. A shekarar 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan fiye da dala miliyan 200. Matsalolin manomin Taraba ba su gaza wannan girma ba: rumbun ajiya, da awo na gaskiya, da labarin farashi, da mai saye amintacce. Gaskiya ne da yawa daga irin waɗannan kamfanoni suna durƙushewa, ga kuma ƙarancin wutar lantarki. Don haka ne ɗalibi yake bukatar tsohon ɗan kasuwa a bayansa, domin waya ba ta maye gurbin amana.

A nan ne nauyi ya hau kan 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal. Su ne suka san direbobi da 'yan dako, suka iya Yarbanci da Ibo, suka san wanda ake ba bashi a yi barci. Alhassan Ɗantata ma fataucin goro a Gwanja ne ya horar da shi kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa ɗaukar ɗalibai daga gida, maza da mata, su zauna a rumfa lokacin hutu su riƙe littafin ciniki. Su kuma haɗa jari kamar yadda suke adashi, su yi wa kamfani rajista, su nemi takardar Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya, wadda aka kafa tun 1976. Ko da kwantena guda ta riɗi suka fara, an buɗe hanya. In ba haka ba, motoci za su ci gaba da ƙetare gadar Nukkai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.