Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya Ta Jihar Kano

Ranka ya daɗe,

Na ɗauki alƙalami ne domin in tuna maka da wata jama'a wadda ɗawainiyarta take bayyane a makarantun firamare tun daga Fagge har Doguwa, amma sunanta ba ya cikin takardar albashi, wato malaman da akan nemo su riƙe aji idan mai ajin ya tafi aikin Hajji, ko ya kwanta jinya, ko malama ta tafi hutun haihuwa, ko kuwa aka ɗauke malami ba a aiko da magajinsa ba. Wasunsu 'yan sa-kai ne, wasu kuwa ƙungiyar iyaye da malamai ce take tara musu ɗan abin da da ƙyar yake isar kuɗin mota.

Malamanmu na fiƙihu ba su wofintar da sha'anin na'ibi ba, domin a babin istikhlafi sun bayyana cewa idan uzuri ya sami liman yana tsakiyar salla, sai ya gabatar da wani daga cikin mamu ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma sallar jama'a ta inganta, babu mai sake ta. Annabi ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya ja salla a Madina idan ya fita. To, tun da karatun da yaro ya samu a hannun mai riƙon aji muna lissafa shi, har mu ɗora jarrabawa a kansa, da wace hujja za mu karɓi aikin mu ƙi sanin mai aikin? Ga shi kuwa nasa ya fi wuya, don yakan shiga ajin da bai san sunan kowa ba, yara ko sun riga sun ji cewa baƙo ne, gobe zai tafi.

An ga aya game da matasan shirin N-Power masu koyarwa, waɗanda aka fara ɗauka a 2016 a kan naira 30,000 a wata, aka sallami rukunan farko a 2020, azuzuwa suka koma jiran malami. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ina roƙon a buɗe wa waɗannan bayin Allah rajista a ofishin kowane sakataren ilimi, a yanka musu haƙƙi sananne wanda ba ya jiran tausayin hedimasta, a kuma wajabta wa mai tafiya ya bar musu tsarin darasi a rubuce. Idan kuma lokacin ɗaukar malamai ya zo, mai takardar NCE da ya riga ya sha ƙurar alli a ajin wani, shi ya cancanci a fara kira kafin ɗan wane.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare