Lissafin Tafiya A Jirgin Sama

Zuwa ga Edita.

Mutanenmu na Ƙofa da Kiru sun cika faɗin wai daga Kano zuwa Abuja a jirgin sama sa'a guda ce tak. To, jama'a, mu zauna mu yi lissafi, don kada mai jarrabawa ko mai shari'a ya dogara da zancen nan ya makara.

Tsakanin filin jirgi na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe, in an miƙe sak, wajen mil 225 ne. Jirgi mai gudun mil 500 a sa'a ai da bai cika rabin sa'a ba. Abin da ya sa yakan kusa cinye sa'a guda shi ne, sai ya yi gudu a ƙasa, ya hau sama sannu a hankali, bai daɗe da daidaita ba kuma sai ya fara sauka.

Amma mu da ke kudancin Kano, Abuja tana kudu da mu, filin jirgi kuwa yana arewa. Watau sai mutum ya ba Abuja baya tukuna, ya ratsa cunkoson birni, ya isa da wuri a duba tikiti da kaya, ya zauna jira. In ya sauka, da sauran wajen mil 25 kafin ya shiga gari. Na Tudun Wada da Doguwa, da sai sun fito Kwanar Dangora, nasu ya fi tsawo. A lissafina rabin yini ya tafi, ko da jirgi ya tashi kan lokaci. Wanda ya bi ta Zariya da Kaduna a mota ba lalle a riga shi da yawa ba, ga kuɗinsa a aljihu. Sai dai ban ga laifin mai tsoron hanya ba, tun da har jirgin ƙasan Kaduna an tare shi a 2022.

Ikko kuwa wani zance ne. Mil 500 ne da 'yan kai, sa'a guda da rabi, alhali mota sai ta yini ta kwana. Nan kam jirgi ba shi da abokin gasa.

Jiragen farko sun sauka Kano a 1925, guda uku, na sojan Ingila, daga Masar, bayan kwanaki suna yada zango. Shekara 100 ke nan da ɗoriya, amma har yau akawun da za shi Abuja daga Doguwa gara ya tashi da asuba.

Ni ne naku,
Wani Akawu, Ƙofa.