Turken Safiyo da Ramin Ma'adinai: Me Ake Ɓoye wa Ɗalibai?

Ya ku 'yan uwa ɗalibai, akwai wata al'ada a ƙasar Ostireliya wadda wasu daga cikinmu ke yabo ba tare da sun duba cikinta ba. Akan kwashi ɗalibai a kai su ƙuryar hamada, a nuna musu turakun da safiyoyin Turawa suka kafa a kan iyakokin jihohi, daga nan a zarce da su ramin haƙar ma'adinai, a ɗora musu hular kwano, su yi ta kallon manyan injuna baki buɗe. Wai gani ya kori ji. Mu kuwa muna cewa ganin da mai gida ya shirya maka bai kori kome ba.

Mu fara da turakun. A 1847 Henry Wade ya soma auna iyakar Victoria da Ostireliya ta Kudu, Edward White ya ƙarasa aikin a 1850 bayan ƙishirwa ta kusa halaka shi. Daga baya aka gano layin ya kauce yamma da fiye da kilomita 3. Jihohin nan biyu suka shafe shekaru da dama suna jayayya, har sai da aka kai ƙara Landan, inda aka ba Victoria gaskiya a 1914. A 1880 kuma Augustus Poeppel ya kafa turkensa a hamadar Simpson, ashe sarƙar awonsa ta ƙara tsawo da kusan inci ɗaya saboda yawan aiki, turken ya wuce gurbinsa da ɗaruruwan mitoci, aka sake awo aka dawo da shi.

Ba mu raina wahalar waɗannan mutane ba. Amma ku lura da abin da aka ɗauka kuskure a wannan labari. Inci ɗaya na sarƙa kuskure ne da ya wajaba a gyara. Kilomita 3 kuskure ne da ya cancanci zaman alƙalan Ingila. Ratsa ƙasar mutanen Wangkangurru da layi, mutanen da suka san kowace rijiya a hamadar tun kaka da kakanni, wannan bai zama kuskure a wurin kowa ba! Sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun ƙasar ta yi watsi da ƙaryar nan ta cewa Bature ya tarar da ƙasa ba mai ita. Mu da aka raba Katsina da Maraɗi da irin wannan layi ba ma bukatar dogon bayani.

To, mene ne amfanin layin? Je ka garin Broken Hill ka gani. A 1883 wani mai kula da shingen tumaki, Charles Rasp, ya kafa alamar mallaka a kan wani tudu a ƙasar Wilyakali, a 1885 aka kafa kamfanin BHP a kan azurfa da dalmar da ke ƙarƙashinsa. Garin yana cikin New South Wales, amma tashar ruwan da ta fi kusa tana Ostireliya ta Kudu. Gwamnatin New South Wales ta hana jirgin ƙasan maƙwabciyarta tsallake iyaka, sai 'yan jari-hujja suka shimfiɗa nasu layin dogo a tsakani a 1888, suka yi ta kwasar riba. Safiyo ya auna, gwamnati ta karɓi haraji, kamfani ya kwashi dukiya. Leburori fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙura da gubar dalma suka cinye ƙirazansu, sai da suka yi yajin aiki na wata 18 daga 1919 zuwa 1920 kafin a rage musu aikin cikin rami zuwa awa 35 a mako.

Kada wani ya ce mana wannan tsohon zance ne. A watan Mayu na 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa kogunan Juukan a Ostireliya ta Yamma, inda aka sami shaidar zaman ɗan Adam ta shekara 46,000. Bai karya doka ba, don yana riƙe da izinin gwamnati tun 2013. Shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa, kogon bai dawo ba.

Shin wannan ne jagoran da kamfani ya naɗa zai karanta wa ɗalibai? Wanda ya ba ka mota, ya ba ka abinci, ya ba ka hula, ya riga ya rufe maka baki, domin in baki ya ci, ido kan ji kunya. Gobe ɗaliban nan su ne safiyoyi, su ne ma'aikatan da za su sa hannu a takardun izini.

Saboda haka ba mu ce a daina ziyara ba. Cewa muka yi jami'a ta biya kuɗin tafiyar daga aljihunta, ƙungiyar ɗalibai ta sa hannu a tsara ta, a ware yini guda na dattawan da ƙasar take tasu, a ware wani na ƙungiyar ƙwadago, kuma kada jami'in kamfani ya zauna a ɗakin sa'ad da suke magana.