Bukkar Masu Kuɗi a Hayin Port Môle

Wannan karon za mu ɗan yi nisa, mu leƙa ƙasar Gabon, inda fatakenmu suke kai shanu da raguna daga Kamaru ta hanyar Bitam da Oyem har Libreville. Maganar bukka za mu yi, amma ba irin wadda muka tashi a cikinta ba.

Duk wanda ya san Libreville ya san Port Môle, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke cikin gari. Manyan jiragen kaya a Owendo suke tsayawa, ita kuwa wannan ta fasinja ce da ƙananan jirage. A nan ake shiga jirgin Port-Gentil, a nan kuma ake shiga kwalekwale mai inji a ƙetare bakin kogin Komo, tafiyar kamar rabin sa'a, a sauka wani tsinin ƙasa da ake kira Pointe Denis. Ranakun Asabar da Lahadi sai ka ga Turawan kamfanoni da manyan ma'aikatan gwamnati da iyalansu, kowa da 'yar jakarsa, suna jiran a ƙetarar da su. Mutanen da suke da benaye a cikin gari, ga lantarki ga famfo, su ne suke rububin zuwa su kwana a bukka.

To, bukkar ce dai ba ta talaka ba. Daga waje katako ne da rufin ganye, wani wurin har da jinka kamar ta ƙauye. Amma da ka tura ƙofa sai ka tarar da gado mai katifa, da makewayi na zamani, wasu har da na'urar sanyaya ɗaki. Gabanka farin yashi da teku, bayanka daji. Idan aka ƙara yin kudu, wajen Nyonié, akwai wasu masaukan a bakin ruwa, inda fili mai ciyawa ya haɗu da kurmi, ana ɗaukar baƙi a mota a nuna musu ɓauna da giwa. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris kuma kunkurun teku, wanda nauyin babbansa kan kai na bijimi, yakan fito da dare ya haƙa yashi ya zuba ƙwai, baƙi su yi tsit suna kallo. A masu tsadar cikin waɗannan masaukai, abin da mutum zai biya na kwana biyu ya isa ya sayi rago.

Mun sani, duk makiyayin da ya ji wannan dariya zai fara yi. Mu da aka yi shekara da shekaru ana ce mana mutanen daji, ana cewa bukka alamar rashin wayewa ce, ga shi masu wayewar suna biyan kuɗi su kwana a cikinta! Dariyar ta halatta. Sai dai muna roƙon kada a tsaya a kanta, domin ba ganyen rufi suke saye ba. Ganye ko'ina akwai shi. Abin da suke biya shi ne shirun wurin, da fili mai faɗi wanda mutum zai buɗe taga bai ga gona ba, bai ga garke ba, bai ga kowa ba sai namun dawa. Irin wannan fili kuwa ba haka kawai yake zama fanko ba. Doka ce take mai da shi haka, da takarda.

Ita kanta Pointe Denis sunan wani sarki ta ci, Sarki Denis Rapontchombo na ƙabilar Mpongwe, wanda ya yi yarjejeniya da Faransawa a shekarar 1839 ya ba su wani yanki na bakin ruwan. Daga wannan takarda Faransa ta samu wurin kafa ƙafa, bayan shekara goma aka kafa Libreville a ɗaya hayin, a 1849. Sai kuma a 2002 Shugaba Omar Bongo ya ƙirƙiro gandun daji 13 a lokaci guda, wanda ya cinye kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙasar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Pongara, wanda ya kwanta a bayan Pointe Denis. Da ba don wannan gandu ba, da bukkokin nan ba su yi rabin darajar da suke da ita ba. Hukuma ce take tsare dajin, mai masauki kuma yana sayar da kallonsa.

Gaskiya a faɗe ta, ba mu ce an tashi wata ruga a Pointe Denis ba. Gabon ba ƙasar kiwo ba ce. Fiye da kashi 80 cikin ɗari nata kurmi ne, tsando ya yi yawa, shanunmu masu tozo ba su daɗewa sammore yake kama su. Shi ya sa gidajen kiwon da gwamnati ta kafa a can, kamar na Nyanga, suka dogara da Ndama, gajerun shanun nan masu jure tsando. (Fatake su lura: mafi yawan naman da ake ci a Libreville daskararre ne daga ƙasashen waje, kuma baƙon da ya biya kuɗin rago don ya kwana ba zai ƙi ɗanyen nama mai kyau ba idan akwai mai kai masa a kan lokaci.) Waɗanda suke jin nauyin gandun daji a Gabon masunta ne da manoma. A 2017 gwamnati ta keɓe kimanin kashi 26 cikin ɗari na ruwan tekun ƙasar, aka taƙaita su a wurare da yawa. Manoma kuwa giwa ce take shiga ta tattake rogo da ayaba a dare ɗaya, alhali doka ta kare giwar. A 2021 sai da mutanen Mékambo, can arewa maso gabas, suka yi bore a kan wannan ɓarna. Baƙon da yake ɗaukar hoton giwa daga barandar bukkarsa bai san da wannan ba, ba kuma laifinsa ba ne.

Inda wannan sana'a ta gamu da makiyaya gaba da gaba shi ne Gabashin Afirka, kuma a can ne ya kamata mu buɗe kunne. 'Yan'uwanmu Masai, waɗanda rayuwarsu saniya ce kamar tamu, an fitar da su daga Serengeti ta Tanzaniya tun 1959. A watan Yuni na 2022 kuma aka zo Loliondo da jami'an tsaro, aka kafa turaku, aka yanke murabba'in kilomita 1,500 na makiyayarsu aka ce ya zama na namun daji, a yankin da wani kamfanin farauta na Larabawan Daular Imarat ya daɗe yana kawo baƙinsa. An yi harbi, an ji wa mutane rauni, ɗan sanda ɗaya ya mutu, wasu suka tsere Kenya. Daga baya shanun da suka ƙetare turakun aka riƙa kamawa, wasu aka yi gwanjonsu.

A hayin iyaka kuwa, a Kenya, Masai ɗin ne dai, namun dajin ne dai, baƙin ma su ne. Amma a wurin da ake kira Naboisho, wanda aka kafa a 2010, magidanta fiye da 500 ne suka haɗa filayensu suka ba masu masaukai haya, ana biyansu kuɗi a kai a kai, shanu kuma suna shiga kiwo bisa tsarin da aka amince. Ba mu ce babu kuka a can ba. Kiwon an taƙaita shi, kuma wanda sunansa bai hau takardar fili ba, kamar yawancin mata da samari, hayar ba ta zuwa hannunsa. Amma dai an zauna da su an yi ciniki, saboda kowannensu yana riƙe da takardar mallaka. Na Loliondo an ce musu ƙasa ta gwamnati ce.

To, mu fa? Kada wani ya ce abin yana nesa. Yankari tana nan a Bauchi da ɗakunanta na Wikki. Obudu ta Kuros Riba gidan kiwon shanu ce da aka kafa a 1951, amma a zamanin Gwamna Donald Duke aka mai da ita wurin shaƙatawa, har da keken da ke tafiya a kan waya yana hawa da mutane dutse, yau wanda ya ji sunanta hutu yake tunawa, ba saniya ba. Gashaka Gumti, gandun da ya fi kowane girma a Nijeriya, tun 1991 yake hannun tarayya, kuma akwai rugage a cikinsa a wuraren da aka keɓe wa mazauna. Tsaunin Mambila ma, da sanyinsa da korensa, idon masu kuɗi yana kansa. Abin da ya rage wa wannan sana'a gudu a Arewa shi ne rashin tsaro. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, wanda kullum muke roƙo, masu neman filin kafa irin bukkokin Pointe Denis za su zo, kuma wuraren da za su fara so su ne masu ruwa da ciyawa da inuwa, wato mashayarmu da makiyayarmu.

Ra'ayinmu shi ne ba mu ƙi su zo ba. Sana'a ce, kuma ta fi a sare dajin a yi gawayi. Wa ya fi mu sanin daji? Yaronmu da ya san sawun kowace dabba, ya san inda ruwa yake a tsakiyar rani, shi ya fi dacewa da rakiyar baƙo. Matanmu da suke ɗaura bukka cikin yini ɗaya, su shirya ƙorai da faifai ta yi kyan gani, ba su bukatar wani ya zana musu a takarda. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauki siffar ɗakinmu a sayar, mu kuma a ce mu matsa can domin garkenmu yana ɓata wa baƙo kallo.

Matsalarmu tana wajen takarda. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, ana lissafa wuraren kiwo kimanin 415 a ƙasar nan, amma waɗanda aka buga a gazet ba su kai rabi ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta sa filaye a hannun gwamna, yana iya ba wanda ya ga dama da sunan amfanin jama'a. Wurin da ba a buga a gazet ba, ko kakan kakanka ne ya haƙa rijiyarsa, ranar da mai masauki ya zo da takardarsa kai ne baƙo. Yanzu da aka kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta tarayya a 2024, akwai ƙofar da za a buga.

Saboda haka muna kira ga kowane arɗo da shugabannin rassa su je sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar filaye ta jiha, su tambayi matsayin makiyayarsu, an buga ta ko ba a buga ba, ina turakunta suke, su karɓi kwafi su ajiye. Idan kuma wani ya zo da maganar gina masauki ko gandun shaƙatawa, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba, a gaban jama'a. A tambayi shekara nawa ce hayar, wa zai karɓi kuɗin, ina shanu za su sha ruwa da rani, a kuma rubuta amsar. Fatakenmu da ke sauke kaya a Libreville kuwa, wanda ya samu sarari bayan ya sallami shanunsa ya daure ya je Port Môle ya biya kuɗin kwalekwale ya ƙetara, ko da yini ɗaya ne, ya dubo mana yadda aka tsara wurin da irin aikin da 'yan ƙauyen suke samu a ciki, ya kawo bayani ofishin reshensa.