Manhaja Ba Za Ta Hango Haɗarin Ciki Ba In Babu Bayanan Cikin Baya

Kamfanonin fasaha na ta fitar da manhajojin da ke lissafa haɗarin da mai ciki ke fuskanta, wasu har da ƙirƙirarriyar basira. Akwai kuma na'urorin hoton ciki na hannu irin su Butterfly iQ da Philips Lumify, waɗanda ake jona wa wayar hannu. Babu wadda ta fi buƙatar wannan ci gaba kamar macen da ta taɓa haifar jariri babu rai.

Wani nazari da mujallar BMJ ta wallafa a 2015 ya nuna cewa haɗarin sake faruwar hakan a wajenta ya kusan ninka na sauran mata sau biyar. Sai dai manhaja ba ta duba. Abin da aka ba ta shi take lissafawa. Tana buƙatar sanin watannin cikin da ya gabata, ko jaririn ya rasu kafin naƙuda ko a cikinta, da ko uwar ta yi fama da hawan jini, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini.

A ƙauyukan Matazu, nan gizo ke saƙar. Idan an haihu a gida, aka binne jaririn, aka yi wa uwa jaje, shi ke nan an rufe zancen. Katin awo kuwa ya ɓace ko ruwa ya ci shi. Haƙuri da ƙaddara wajibi ne, amma bai hana adana bayani ba.

Matashin da ke riƙe da waya zai iya toshe wannan giɓi ga matarsa ko yayarsa, da yardarta. Ya ɗauki hoton katin awo da sakamakon gwaje-gwaje, ya rubuta awon jini duk zuwa asibiti, ya saita tunatarwar ranakun awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8, da hoton ciki kafin mako 24.

Da waɗannan bayanai ma'aikaciyar lafiya za ta gane da wuri ko a tura mace Malumfashi ko Katsina, ta haihu kusa da likita. Amma idan motsin jariri ya ragu, ko jini ya ɓalle, ba lokacin buɗe manhaja ba ne. A nemi mota a nufi asibiti.