Bahaushe Kirista ba baƙo ba ne

A Maraɗi ko Damagaram, in matashi ya ce sunansa Yahaya, kuma ran lahadi majami'a yake zuwa, sai a tambaye shi: to kai wane yare ne? Tambayar nan tana da ciwo. Ita ke sa wasu yaranmu ɓoye addininsu a lakwal, wasu kuma su yar da sunan gida, su janye daga dangi, ba biki ba ta'aziyya.

Alhali bishara ba jiya ta zo ƙasar nan ba. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, asibitin Galmi kuwa tun 1950 yake karɓar kowa.

Amma a ganina, ba tarihi kaɗai zai kwantar wa matashin nan da hankali ba. Manzo Bulus ya tuna wa Galatiyawa cewa Allah ya san su. Wanda Mahaliccinsa ya san shi, da sunansa da harshen da ya sha a nono, takardar shaidar wa zai nema kuma?

Don haka janyewar ce ta fi damuna. A Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, akwai Kiristocin da maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Sun san su ne, tare suke zaman makoki, tare suke cin tuwon suna.