Lissafin Adireshin Kwamfuta: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Minna

MINNA — Duk wanda ya taɓa neman rumfa a Kasuwar Kure ya san cewa idan aka yi kuskure wajen yanka filaye tun farko, gyara sai da rushe gini. Wannan darasi ya shafi kamfanonin da ke hayar na'urorin kwamfuta ta intanet daga Amazon, Google ko Microsoft, maimakon su saya su girke a ofis.

Da yawa daga cikin irin waɗannan ayyuka suna tafiya ne bisa tsarin Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014. Tsarin yana rarraba manhaja zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshinsa. A ƙa'idar Google ta asali, ana ware wa kowace na'ura adireshi 256 domin ta ɗauki ƙunshi 110. Ke nan kamfanin da ya tanadi adireshi 4,096 ba zai wuce na'ura 16 ba. Ranar da ciniki ya buɗe, kamar yadda jama'a ke yin dafifi a shafin hukumar NECO mai hedkwata a Minna lokacin fitar sakamako, ƙarin na'ura zai gagara ko da kuɗi a hannu. Haka kuma idan adireshin da aka zaɓa ya yi karo da na ofis, sadarwa tsakaninsu za ta rikice.

Akwai kuma batun tsada. Tsohon tsarin IPv4 yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kawai, an kuma raba ragowar babban rumbunsa a Fabrairun 2011. Tun daga 1 ga Fabrairun 2024, Amazon ke cajin rabin santi a kowace awa kan kowane adireshin da ke fuskantar intanet, watau kusan dala 44 a shekara. Adireshi 50 sun haura dala 2,000, ga kamfanin da ke ciniki da naira.

Saboda haka bai kamata mai kamfani ya bar wa injiniya wannan shawara shi kaɗai ba. Kafin ya sa hannu a kwangila, ya tambayi adireshi nawa aka tanada, na'ura nawa za su ɗauka nan da shekara biyar, kuma wane shiri aka yi na komawa sabon tsarin IPv6, wanda ba shi da wannan ƙaranci. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana yaye matasan da za su iya wannan lissafi. Ladan da za a biya su bai kai kuɗin sake gini ba.